Ganyen da Kalmasei Ya Ɗaura

Duk wanda ya tsallako daga babban tsibirin Efate zuwa tsibirin Tasivanu a shekarun baya, a jirgin Kalmasei ya tsallako, don a lokacin babu wani jirgi mai inji a garin sai nasa. Gajeren mutum ne kakkaura. Gemunsa ya yi furfura tun da wuri, idanunsa kuma kullum a ƙanƙance suke kamar rana na dukansu, ko da a cikin coci yake zaune. Bai cika magana ba. Idan fasinja ya dame shi da tambaya sai ya ƙara wa inji wuta, ya nuna kunnensa, wai ba ya ji.

Yana rarrafe mahaifiyarsa ta rasu. Yayarsa Toumara ce ta bar makaranta ta raine shi. Idan ruwa ya janye, tudun murjanin da ke gaban gari ya fito fili, sai ta goya shi, ta rataya kwando, ta shiga neman kumba da katantanwa da ƙananan kifin da ruwa ya bari a ramuka. Daga bayanta ya fara ganin teku. Har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba, shi ma bai taɓa kama sunanta ba, sai dai Yaya.

Da ya zama saurayi ya shiga aikin jirgin dakon busasshiyar kwakwa, ya zaga tsibirai, ya koyi gyaran inji. Ya dawo gida ya auri Rosina, mai jan waƙa a ƙungiyar matan coci. Sun daɗe ba haihuwa kafin su sami Leiwia, daga ita kuma ba su ƙara ba. Shekarar da za ta shiga sakandare a Efate ya sayi jirgin, don ya riƙa tsallakar da ita da kansa.

A tsakanin nan ne Turawa masu yawon buɗe ido suka fara zuwa. Obed, taubashinsa, ya gina ɗakunan ciyawa a bakin yashi yana saukar da su, shi kuma Kalmasei yana zagawa da su bayan tsibiri, inda ayu ke kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. Kowace safiya sai sun taɓa kafin jirgi ya tashi.

"Kurma, don Allah yau ka yi musu murmushi," in ji Obed. "Jiya wata ta tambaye ni wai ko rasuwa aka yi maka."

"Ka ce mata a'a. Taubashina ne ya ƙi mutuwa, shi ke damuna."

"Ka ji ɗan banza. In na mutu wa zai kawo maka fasinja?"

"Matarka. Ai dama ita ke aikin, kai sai baki."

Leiwia takan tsaya riƙe da igiyar jirgi tana ƙyalƙyala dariya, ba ta saki sai ubanta ya harare ta. Ta gama sakandare a lokacin, tana jiran a kira ta makarantar koyon jinya a Vila, babban birnin ƙasar. Kafin nan ba ta da aikin da ya wuce bin gwaggonta Toumara cikin tudun murjani. Tafiyarsu ma iri ɗaya ce, a ɗan duƙe, ido a ƙasa.

Ranar wata Asabar ce. Kalmasei ya ɗebi baƙi da safe, ya ce wa Rosina zai dawo kafin rana ta take, kamar yadda ya saba. A bayan tsibiri ayu ta fito da ɗanta. Duk shekarun da ya yi a ruwa bai taɓa ganin ɗan ayu kusa haka ba, yana goga jiki da uwar, yana ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma. Lokacin komawa ya yi. Baƙin sun riga sun hawo jirgi suna goge jiki, ɗayansu har ya duba agogo. Kalmasei ne da bakinsa ya ce a ƙara kaɗan, ya kashe inji. Waya ba ta kamawa a bayan tsibiri.

A gaban gari kuwa Leiwia ta juya wani dutse, wata katantanwar teku mai zane da dafi ta soke ta a gindin babban yatsa. Wurin bai fi bakin allura ba. Ta nuna wa gwaggonta tana dariya. Kafin su kai yashi leɓɓanta sun mutu, ƙafafunta sun fara ƙin ɗaukarta. Rosina ta ruga bakin ruwa ta dubi turken da ake ɗaure jirgi, babu jirgi. Aka kira wayarsa, ba ta shiga ba. Aka ɗan jira, don kowa ya san Kalmasei ba ya wuce tsakar rana. Da jiran ya yi yawa sai maza suka sa ta a kwale-kwale suka kama tuƙi, iska na turo su baya, Toumara na riƙe da kanta a cinya. Suna hango rufin ƙaramin asibitin da ke ƙetare numfashinta ya tsaya.

Da Kalmasei ya ɓullo ta kan tsibiri, baƙinsa na nuna wa juna hotuna, ya ga mutane tsaye a yashi, babu wanda ya ɗaga masa hannu.

Mutanen gari suka ce baƙin ne suka riƙe shi, ai Bature ba ya ƙoshi da kallo. Kalmasei ya ji ana faɗa, bai gyara ba.

Bayan an binne ta ya yi abin da duk uban gida ke yi. Ya yanko ganyen bishiyar namele, wanda ake ɗaurawa a matsayin alamar hani, ya shiga ruwa har gwiwa, ya kafa turke a bakin tudun murjanin, ya ɗaura ganyen. Daga ranar babu mai ɗaukar ko katantanwa ɗaya daga wurin, sai ranar da wanda ya ɗaura ya kwance da hannunsa, a yanka alade, gari ya ci tare. Yawanci shekara guda ake yi.

Shekara ta cika, mai gari ya aiko a tuna masa. Ya ce bai shirya ba. Wata shekarar ta zagayo, ya sake cewa haka. Duk lokacin da ganyen ya ruɓe sai ya yanko sabo ya ɗaura. A ransa ya san dalili. Ranar da ya kwance, za a shiga ruwa da kwanduna, a yi shewa, a ci a sha, a ce magana ta ƙare. Shi kuwa bai ga abin da ya yi ba da har za ta ƙare. A ganinsa kansa ya haramta wa wurin, kuma hakan daidai ne.

Tudun da aka bari ya huta sai ya cika. Kifi ya yi yawa har yana gogar ƙafar turken. Manyan kumba suka buɗe baki, shuɗi da kore, wasu sun kai faɗin faranti. Kunkurun teku suka fara shigowa. Obed ya ce ai kallo ba ɗauka ba ne, ya fara sa baƙinsa suna ninƙaya a wurin da tabarau na ruwa. Labari ya kai Vila. Wasu mutane suka zo daga wata ƙungiya suka kafa allo a bakin yashi mai ɗauke da sunan wurin, Lambun Leiwia. Wata mata a cikinsu ta kama hannun Kalmasei da hannu biyu, ta ce da tsibiran nan na da irinsa goma da teku ta tsira. Aka rataya masa furanni a wuya aka ɗauke shi hoto. Ya tsaya ƙiƙam, yana jin kansa kamar ɓarawon da aka ba shugabancin 'yan gadi.

Fasinja suka ƙaru fiye da kowane lokaci. Ya yi wa gidansa rufin kwano. In zai shiga gidan ba ya ɗaga kai.

Matan gari masu ƙarfi suka koma hawa tudu su sauka ɗaya gefen tsibirin, inda igiyar ruwa ke dukan duwatsu, su dawo da rabin kwando. Tsofaffi ba sa iya hawan. Suka koma shinkafa da kifin gwangwani daga kanti. Toumara na cikinsu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna New Zealand wajen tsinkar tuffa, gwiwoyinta sun ƙi. Daga baya ciwon suga ya kama ta, wani gyambo ya fito mata a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Ko sau ɗaya ba ta yi masa maganar ganyen ba. Idan ya kamo kifi a zurfi yakan kai mata, ya miƙa daga bakin ƙofa, ta ce, "Sannu, Auta," ya juya. Ya daina zama a gidanta, don idan ta zauna ta miƙe ƙafa, idonsa cinyarta yake zuwa.

Rosina ce kaɗai ta taɓa tayar da zancen, tana kankare doya, ba ta ko dube shi ba.

"Baban Leiwia, mutane fa sun gaji."

"Babu wanda ya faɗa mini."

"Wa zai faɗa maka? Da wace fuska?"

Ya tashi ya tafi duba inji.

A shekara ta huɗu, wata rana da ruwa ya janye sosai, rana tsaka, Toumara ta ɗauki sandarta da kwandonta ta gangara yashi. Ta wuce allon, ta wuce turken, har kafaɗarta ta gogi ganyen. Ta duƙa ta shiga aiki kamar jiya ta bari. Baƙin Obed na ninƙaya can gefe, mata na wanki a bakin rijiya, kowa na gani. Da kwando ya cika ta ɗora a ka, ba ta bi ta bayan gidaje ba, ta ratso tsakiyar gari tana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya.

Obed ya tare ta da gudu. "Toumara, kin haukace ne? Ki rufe kwandon mana, tsohuwar banza!"

"In rufe don me? Jeka ka faɗa. Ai dama bakinka ba shi da marfi, yau ga ranar amfaninsa."

Hukuncin wanda ya taka ganye sananne ne. Alade, da tabarma, da saiwar kava da ake jiƙawa a sha a taro, kuma a gaban jama'a zai durƙusa ya sa igiyar aladen a hannun wanda ya ɗaura. Kalmasei na dawowa daga ƙetare ya ji, ko injin bai ɗauke ba ya wuce gidan mai gari.

"Baba, na yafe. A bar maganar."

Mai gari ya ce, "Ɗana, ba naka ba ne kai kaɗai da za ka yafe. In ka ƙi karɓa, gobe duk ganyen da aka ɗaura a tsibirin nan ya zama ciyawa. Kuma ka ce wadda ka ɗaura dominta ba kowa ba ce. Ka yarda da haka?"

"Ita ta raine ni, Baba."

"Na sani. Ina nan lokacin. Amma ba ni na ɗaura ba."

Washegari da la'asar aka taru a zauren gari. Maza suka jawo aladen Toumara da ƙyar. Ƙato ne, tsoho, haurensa ya lanƙwashe ya kusa komawa cikin kunci. Toumara ta shigo tana ɗingishi, ƙafarta naɗe da tsumma. Durƙusawar ta ɗauke ta lokaci. Ta dafa sanda, ta sauke gwiwa ɗaya, aka ji ƙarar ƙashi, ta huta, sannan ta sauke ɗayar. Rosina ta yunƙura za ta kama ta, Toumara ta ɗaga mata hannu. Kalmasei na tsaye a kanta, yana kallon furfurar tsakar kanta, kan da ya saba gani ta baya lokacin da take goya shi.

Ta miƙo igiyar da hannu biyu. "Auta, na taka ganyenka. Ga igiya."

Ya karɓa. Ya tsaya riƙe da igiyar, aladen na ja. Can sai ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "To ɗaga ni mana, ko a nan kake so in kwana?"

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta nan take. Ya miƙa wa Obed igiyar, ya sa hannu a hammatarta ya ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Shi ya raka ta gida. A karon farko tun rasuwar ya shiga ya zauna a tabarmarta. Ta miƙe ƙafa tana kwance tsumman. Ruwan gishiri da kaifin murjani sun daɗa buɗe gyambon.

"Kin ga abin da kika yi wa kanki, Yaya?"

"Ka san aladen nan?" ta ce. "Satin da muka binne ta na saye shi, ɗan ƙarami, a hannu na ɗauko shi. Na ce ranar kwance ganye ga gudummawar gwaggo. Shekara ɗaya na yi niyyar ciyar da shi. Ya cinye mini kwakwa, ya cinye mini ƙarfi. Yanzu ko fasa masa kwakwar ba na iyawa. Na ga in ban sa shi a hannunka ba, ko shi ya mutu da tsufa ko ni."

"Me ya hana ki yi mini magana?"

"Da wane bakin?" Ta ci gaba da naɗe tsumman, ba ta ɗago ba. "Ni na ce mata ta juya dutsen nan. Na ce, 'Leiwia, duba ƙarƙashin wancan.' Kai kuma ka zo ka rufe wurin, ka daina zama a gidana. Na ɗauka ni ka rufe wa. Na ce ya yi daidai, na yi shiru."

Kalmasei bai taɓa kawo wannan a ransa ba, ko sau ɗaya. Duk shekarun nan ya zaci shi kaɗai ke ɗauke da ranar. Ya buɗe baki zai faɗa mata zancen ɗan ayu, da agogon da baƙon ya duba, da hannunsa a kan makashin inji. Amma ya kasa.

"Ba ke ba ce, Yaya," kawai ya iya cewa.

"To wa?"

Ta ɗago ta dube shi, irin duban da take masa yana yaro idan ya dawo da jiƙaƙƙen wando ya ce bai shiga ruwa ba.

"Ko ma wane ne," ta ce, "ba shi ke jin yunwar ba."

Da Obed ya ji Kalmasei ya sa ranar kwance ganye sai ya zo bakin jirgi yana kumfar baki. "Kurma, za ka kashe mana kasuwa. Matan nan kwana nawa za su yi su share wurin? Me zan nuna wa baƙi, tumbina?"

"Ai ya fi kumba girma. Ka shafa masa shuɗi."

Obed bai yi dariya ba. Ya tsuguna yana tonon yashi da yatsa. "Ni ma uwata kifin gwangwani take ci," ya ce daga baya. "Na sani. Na dai yi kamar ban sani ba." Ya tashi ya tafi roƙon mai gari a bar wani yanki a rufe da ganyen gari. Har yau ana kan wannan magana.

Ranar Asabar da safe ruwa ya janye. Mata suka jeru a yashi da kwandunansu, maza a baya, an riga an yanka aladen, hayaƙi na tashi daga duwatsun gashi. Kalmasei ya shiga ruwa shi kaɗai. Gishiri ya ƙanƙame ƙullin, farcensa ya kasa. Akwai wuƙa a ƙugunsa amma bai zaro ba. Ya sunkuya ya sa haƙori har ya saki. Ya riƙe ganyen na ɗan lokaci, sannan ya ajiye shi a kan ruwa, ruwan ya ja shi a hankali ya nufi mashigi.

Babu wanda ya motsa. Sai Rosina ta tattare zanenta ta fara sa ƙafa. Ta zo ta wuce shi, ta duƙa a kan dutsen farko. Sannan sauran suka biyo, da farko shiru, can wata ta ɗago kumba mai faɗin faranti ta rangaɗa guɗa, wuri ya ɓarke.

Toumara ba ta shiga ba. Malamar jinya ta hana ta jiƙa ƙafar. Tana zaune a kan wani kifaffen kwale-kwale tana nuni da sanda. "Ba nan ba, sakarai! Hagu! Wa ya koya muku aiki?"

Da aka buɗe laplap, kankararriyar doya da ake naɗewa a ganye, an gasa shi da madarar kwakwa da naman kumba a tsakiya, ita ta yanko masa ta turo gabansa a kan ganyen ayaba. Ya zauna yana kallo.

"Ci, Auta. Ba na son iya shege."

Ya gutsura ya kai baki. Da daɗi. Rabon da ya ci abu mai daɗi haka ya manta, kuma wannan ne ya fi yi masa wuya. Ya cinye, tana kallonsa har ya gama.

Bayan 'yan watanni aka yanke mata yatsan a Vila. Shi ya tsallakar da ita, shi ya dawo da ita. Ba ta ƙara taka tudun murjanin ba. Yanzu 'yan mata ke kawo mata abin da suka samo, ta zazzage kwandon ta raina. Kalmasei na zuwa da yamma ya zauna a tabarmarta, ya fasa mata kwakwa, ba su cika magana ba. Zancen ɗan ayu yana nan bai faɗa ba.

Har yanzu yana kai baƙi bayan tsibiri, ko da yake yanzu akwai wasu jiragen a garin, kuma an kafa ƙarfen waya a kan tudu. Da ya ga inuwar jirgi ta fara shigewa ƙarƙashinsa sai ya buga gefen jirgin, kowa ya hawo, ko me ke cikin ruwan. Baƙi sun sha kai ƙararsa wajen Obed. Wani lokaci ayu na nan kusa, wata baƙuwa ta haɗa hannu tana roƙon ya ƙara musu ɗan lokaci kaɗan. Kalmasei yakan ja igiyar inji, ya ƙara wuta, ya nuna mata kunnensa.